Hanyoyin samar da kuɗin tsimin makamashi a Indiya

Tsimin makamashi shi ne a biya buƙata ɗaya da wuta ko man fetur ko kwal ƙasa da abin da aka saba ƙonawa, kamar a haska ɗaki da kwan fitila mai cin wat 9 a maimakon mai cin wat 60. Indiya na cikin ƙasashen da suka gina wa wannan aiki cikakken tsari na ƙasa, da doka da hukuma da kamfani da kasuwa. Ita ce ta uku a duniya wajen fitar da iskar da ke ɗumama yanayi, bayan China da Amurka, kuma mafi yawan wutar lantarkinta daga kwal ake samun ta, saboda haka duk wutar da ba a ja ba kwal ne da ba a ƙona ba. Babbar wahalar aikin ta kuɗi ce. Kayan da ba su shan wuta sun fi tsada a ranar saye, ribarsu kuwa a hankali take zuwa, kuma ba kuɗin da ke shiga aljihu ba ce, kuɗin da ba su fita ba ne, abin da banki ba ya iya riƙewa a matsayin jingina.

Doka da hukumomi

Majalisar dokokin Indiya ta zartar da dokar tsimin makamashi a 2001, kuma a kanta aka kafa hukumar kula da tsimin makamashi, Bureau of Energy Efficiency, a watan Maris na 2002 a ƙarƙashin ma'aikatar wutar lantarki. A 2006 hukumar ta fara liƙa wa kayan lantarki takardar taurari, daga tauraro ɗaya zuwa biyar, domin mai saye ya ga wanda ya fi tsimin wuta. Daga 2010 takardar ta zama tilas a kan wasu nau'o'in firji, da na'urar sanyaya ɗaki, da doguwar fitila, da taransifoma. A 2008 gwamnati ta fitar da shirinta na ƙasa kan sauyin yanayi mai rassa takwas, ɗaya daga cikinsu na tsimin makamashi ne. A 2009 kuma manyan kamfanonin gwamnati huɗu na fannin wuta, wato NTPC da PFC da REC da POWERGRID, suka haɗa jari suka kafa kamfanin EESL, wanda aikinsa shi ne ya zuba kuɗi tun farko ya kuma mayar da su daga rarar da aka samu.

Yunƙurin farko

A 2009 aka ƙaddamar da shirin Bachat Lamp Yojana, wanda ya riƙa ba magidanta fitila mai tsimin wuta ta irin wancan zamani a kan rupi 15, kusan farashin tsohon kwan fitila. Ragowar kuɗin an yi niyyar samo su ne daga sayar da takardun shaidar rage hayaƙi a ƙarƙashin yarjejeniyar Kyoto ta ƙasashen duniya kan sauyin yanayi, waɗanda kamfanonin Turai ke saye. Farashin waɗannan takardu ya faɗi warwas a 2012, har ya koma ƙasa da yuro ɗaya a kan tan guda na hayaƙin da aka rage, sai shirin ya rasa abin da ke riƙe da shi. Fitilun ba su da laifi, jama'a ma sun karɓa. Kuskuren shi ne an rataya shirin a kan kasuwar da Indiya ba ta da iko da ita.

Shirin UJALA

Ranar 5 ga Janairu, 2015, Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin raba kwan fitila na LED, wanda daga baya aka sa wa suna UJALA, kalmar da ke nufin haske a harshen Hindi. A wannan karon gwamnati ba ta nemi tallafi daga waje domin ta sauke farashi ba. EESL ya yi abin da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato sari ya fi sayen ɗai-ɗai araha: ya tattara buƙatun jihohi ya ba da kwangilar miliyoyin kwayaye a lokaci guda, ya bar masana'antu su yi gasar farashi. A sarin farko na 2014, wanda aka yi domin gwaji a yankin Puducherry na kudancin Indiya, kowane kwai ya tashi a kan rupi 310. Zuwa 2016 farashin sari ya sauko kusan rupi 38. Masana'antu sun yarda su rage ne saboda sun tabbata za a kwashe abin da suka ƙera, kuma saukar ta ja farashin shaguna ma ƙasa, har waɗanda ba su taɓa zuwa rumfar shirin ba suka amfana.

Yadda aka sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne abin da ya fi cancanci a lura da shi. A wurare da dama a farkon shirin, mutum yakan zo rumfa da takardar kuɗin wutarsa da katin shaida, ya ajiye rupi 10, a miƙa masa kwan, sannan a riƙa ƙara masa rupi 10 a takardar kowane wata har bashin ya ƙare. Lissafin a fili yake. Tsakanin kwan wat 60 da na wat 9 akwai bambancin wat 51. Idan ana kunna shi awa biyar kowane dare, a shekara an tsimi kimanin yunit 93 na wuta daga kwai ɗaya tak. Abin da ya ragu a takardar wata ya isa ya biya kason bashin, don haka magidanci bai ji nauyin sayen ba. An kuma ba da garantin sauya kwan idan ya mutu da wuri, domin tsoron jabu na daga cikin abubuwan da ke hana talaka sakin kuɗinsa.

Alƙaluman gwamnati sun nuna an raba kwayaye fiye da miliyan 360, an tsimi wuta kimanin yunit biliyan 47 a shekara, an kuma rage iskar kabon da ta kai kimanin tan miliyan 38 a shekara. Waɗannan ƙiyasi ne da aka gina a kan yawan awannin da ake zaton ana kunna kowane kwai, ba awo ne na gida-gida ba, kuma wanda ya ga wuta ta yi araha yakan bar fitila a kunne fiye da da. Duk da haka, sauyin da aka gani a kasuwar fitilu ta Indiya ba abin musu ba ne.

Fitilun titi da matsalar biyan bashi

Tare da UJALA aka fara sauya fitilun titi, kuma an kafa fiye da miliyan 13. A nan EESL ne ke sayen fitilun, ya kafa, ya kula da gyaransu na shekaru bakwai, hukumar gari kuma ta riƙa biyansa daga abin da ya ragu a kuɗin wutarta. Jarin ya fito ne daga rance: bankin raya ƙasa na Jamus, KfW, da na Faransa, AFD, da Bankin Raya Asiya duk sun ba da bashi, sannan a 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 300, wato rancen miliyan 220 da garantin bashi na miliyan 80.

A nan ne raunin tsarin ya bayyana. Hukumomin garuruwa da yawa ba su biya a kan lokaci, wasu sun tara bashin shekaru, alhali EESL dole ne ya biya masu ba shi rance da masu kawo masa kaya a ranar da aka yi alkawari. Fitila ta tsimi wutar da aka ce za ta tsima, amma rarar ta maƙale a asusun hukumar gari da albashi da sauran buƙatu ke jira. Wannan ya matse hannun kamfanin ƙwarai, kuma yana nuna cewa irin wannan tsari ba ya wuce ƙarfin amanar wanda zai biya.

Masana'antu da bankuna

Ga manyan masana'antu an bi wata hanya dabam. A 2012 aka fara shirin PAT, inda aka yanka wa masana'antu 478 a fannoni takwas, ciki har da tashoshin wuta da ƙarfe da siminti da takin zamani da masaƙu, iyakar makamashin da za su ci a kan kowane ma'aunin abin da suke samarwa. Wadda ta ci ƙasa da iyakar da aka yanka mata ana ba ta takardun shaida, kowace ɗaya daidai da tan guda na mai, ta sayar wa wadda ta gaza. A zagayen farko da ya ƙare a 2015 an tsimi abin da ya kai tan miliyan 8.67 na mai, sama da abin da aka nufa. Sai dai da aka buɗe cinikin takardun a 2017, masu sayarwa sun rinjayi masu saye, farashi ya faɗi, alamar cewa iyakokin da aka yanka sun yi sauƙi.

Ƙananan kamfanonin da ke yi wa wasu aikin tsimin wuta su kuma matsalarsu rashin jingina ce. Domin su aka kafa asusun raba asara na dala miliyan 43 a 2015, da tallafin Bankin Duniya, a hannun bankin SIDBI mai kula da ƙananan masana'antu. Asusun yakan tsaya wa mai karɓar rance, ya ɗauki wani kaso na asarar idan bashin ya lalace.

A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow a 2021 Indiya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa nan da 2070, a 2022 kuma ta ɗauki alkawarin rage yawan hayaƙi a kan kowane ma'aunin tattalin arzikinta da kashi 45 cikin ɗari nan da 2030, idan aka kwatanta da 2005. A shekarar 2022 ɗin aka yi wa dokar 2001 gyara domin a buɗe kasuwar kabon ta cikin gida, wato inda ake cinikin takardun shaidar rage hayaƙi, aka fitar da ƙa'idojinta a 2023, kuma ana mayar da masana'antun da ke cikin PAT zuwa wannan sabuwar kasuwa daki-daki.