Mai gida ya ce albarka, mai saye ya ce da tsada: tambayoyi kan cinikin gidaje a Katsina

A GRA, Layout, Barhim, Modoji da hanyar Dutsin-ma, sai a sa wa gida suna, wato a yanka masa farashi, ya shekara ba a saya ba. Mai gida ya ƙi saukowa, mai saye ya kasa hawa, kowa na ganin ɗayan ne bai san halin da ake ciki ba.

Me ya sa gidajen bayan ganuwa suka yi wannan tsada?

Tun da Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987 gari ke fita waje, inda titi ke da faɗi kuma mota ke kaiwa ƙofar gida. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman sun ja jama'a zuwa hanyar Dutsin-ma. Sai rashin tsaro ya koro masu hali daga Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara, kowa na neman inda zai ajiye iyali. Ga kuma 'yan kasuwa da ke zuba kuɗi a ƙasa don gudun faɗuwar naira.

Da wane lissafi mai gida yake yanka farashi?

Tambaya ɗaya ce a ransa: in na sayar, zan iya gina irinsa? A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba, a Fabrairun 2024 ya haura 10,000. Dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, rodi da kwano da tayil suka bi ta. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za a kira shi mai haɗama ba don ya ji tsoron sallamawa.

Inda yake kuskure shi ne yi wa ginin shekara 15 kuɗin sabo. Silin ɗin da ya kashe wa dukiya, mai saye na kallonsa ne yana lissafin kuɗin cirewa. Sannan yana dogara da "an ce gidan Alhaji na bayanmu an taya shi kaza", alhali tayi daban, ciniki daban.

Shi kuma mai saye fa?

Aljihunsa yake dubawa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma abinci da mai sun cinye ƙarin. Bashin banki ruwansa ya wuce kashi 25 cikin 100, kuma da yawanmu ba ma za su kusance shi ba saboda riba. Akwai rancen asusun gidaje na ƙasa mai ruwa kashi 6, sai dai yana neman cikakkun takardu da dogon jira. Don haka ciniki kusan duk na kuɗi hannu ne, masu iya ajiye miliyoyi a zama ɗaya kuwa ba su da yawa. Nasa kuskuren shi ne riƙe farashin 2022 a ka, ya yi tayin da mai gida zai ji kamar zagi.

Gaskiya ne dillalai ke hura wutar?

Dillalin kirki alheri ne, shi ya san wanda ke da buƙata da gidan da ke da rigima. Matsalar 'yan kayi-na-yi ce. A ce mai gida ya sa suna miliyan 60. Dillalin farko ya gaya wa na biyu 65, kafin hoton ya zaga WhatsApp ya zama 72. Ranar duba gida mutum biyar sun biyo mai saye, kowa na jiran la'ada. Can gefe wani yana raɗa wa mai gida, "Ranka ya daɗe, kada ka sallama, ina da wanda zai ba da fiye da haka." Wannan mutumin sau da yawa babu shi. Ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don a ruɗi wani, shi ne najashu, kuma Annabi (SAW) ya hana. Abin yana ƙona min rai, domin wanda ya fi cutuwa shi ne mai gidan da aka hana shi karɓar tayi na gaskiya. Ka nemi zama da mai gida ido da ido, a yanke maganar la'ada kafin a ba da kafin alƙalami.

To yaya za a gane farashin gaskiya?

A nemi gidaje biyu ko uku na layin da cinikinsu ya faɗa kwanan nan, a ji nawa aka biya. Mai unguwa da shaidu sukan sani. A yi wa fili kuɗinsa daban, gini daban. A kuma je da damina, a ga inda ruwa ke kwanciya.

Takarda tana canza farashi?

Sosai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Gidan da ba shi da komai sai takardar mai unguwa bai kamata a yi masa kuɗi ɗaya da mai cikakkiyar shaida ba. In na gado ne, a tabbata duk magada sun sa hannu, har da mata.

In na jira, farashin zai sauko?

A naira da wuya. Abin da ke faruwa shi ne suna ya tsaya wuri ɗaya, hauhawar farashi na cin darajarsa. A ƙarshen 2024 ta haura kashi 34 cikin 100. Mai gidan da ya ƙi miliyan 55 bara ya karɓi 60 bana, a zahiri ragi ya yi. Sauƙi na gaske yana fitowa ne daga mai buƙata: magada da ke son a raba, ko ɗan kasuwa da bashi ya taso. Mai saye ya ajiye kuɗinsa a shirye, ya taya da mutunci, don da rashin tayi akan bar arha. Mai gida kuma, in wata shida suka wuce babu tayin da ya kusanci sunan da ya sa, ya kira dillalinsa su sake zama.