Fudin Kirsimeti na Ingila: tambayoyin da ake ta maimaita min

Tun da na zauna a Ingila, duk Disamba sai 'yan'uwa sun turo tambayoyin nan. Ga amsa sau ɗaya.

Kek ne?

A'a. Kek gasa shi ake yi. Wannan turarawa ake yi kamar alkubus, awa 6 zuwa 8.

Me ake sawa?

Busasshen inabi iri-iri, garin burodi, ƙwai, baƙin sukari, kirfa, kanumfari, ɓawon lemo, da kitsen da ke jikin ƙodar saniya. Sai giya, yawanci barandi.

To Musulmi zai ci?

Karanta bayan kwali kafin ka saya, don Allah! Yawancin na kanti da giya a ciki. Ranar Kirsimeti kuma sai a sake kwarara barandi a kai, a kyasta ashana, a shigo da shi yana ci da shuɗiyar wuta. Kada wani ya ce maka wutar ta cinye giyar. Ba ta cinye ta duka. In maƙwabcinka ya miƙo maka, ka gode masa, ka faɗa masa dalili. Ba zai ji haushi ba.

Zan iya yin nawa ba giya, in ajiye shi makonni kamar yadda mutanen Ingila suke yi?

Yi dai za ka iya. Jiƙa inabin a ruwan lemo ko baƙin shayi ya kwana, ka sa man shanu ko kitsen ganye da ake sayarwa. Ajiyar ce ke da magana. Su suna haɗa nasu ranar Lahadin ƙarshe kafin shiga makonni huɗu na jiran Kirsimeti, wajen ƙarshen Nuwamba, kowa a gidan ya juya kwaɓin daga gabas zuwa yamma. Abin da ke riƙe musu shi har wata guda shi ne sukari da giya da sanyin ƙasarsu. In ka cire giya, ka rage masa kariya. Wasu na cewa sukarin kaɗai ya isa, kuma a ɗaki mai sanyi wataƙila haka ne, in ya dahu sosai, ya huce sarai kafin a naɗe shi da sabuwar takarda. Ni dai ba na yarda. Nawa a firiza nake sawa. Wanda ke Kano ko Damagaram, ko da hunturu ne, in wutar lantarki ba ta tsayawa, ya yi shi ana saura kwana biyu. Ka ga alamar hunhuna, zubar da shi duka, ba yanke gefe ba.

Gaskiya ne ana sa kuɗi a ciki?

Gaskiya ne. Sisin azurfa suke sawa a da, wai wanda ya same shi ya yi sa'ar shekara. Gida mai ƙananan yara, kar a kuskura.

Na yi nawa ya fito da ɗanye a tsakiya, me ya sa?

Ka yi gaggawa ne, ko ruwan tukunya ya ƙone. Ruwan tukunya ya tsaya rabin kwanon da kwaɓin ke ciki, ka riƙa ƙara tafasasshe. Mayar da shi wuta awa 2, bai lalace ba.