Dokar TETFund da binciken malaman jami'a

Duk ginin da ka gani a jami'ar gwamnati ɗauke da allon TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, daga ribar kamfanoni kuɗinsa ya fito. Tushen abin shi ne yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992, wadda ta haifar da dokar harajin ilimi a 1993. A 2011 aka sake dokar, aka fitar da firamare da sakandare, asusun ya zama na manyan makarantun gwamnati kaɗai, na tarayya da na jihohi. Jami'o'i masu zaman kansu ba su da rabo.

Harajin ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfani, daga baya ya koma 2.5, sannan ya kai 3 a 2023. Idan an zo rabo, jami'o'i su ɗauki rabi, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi su raba sauran daidai.

Ta fuskar bincike, asusun yana ɗaukar nauyin malami ya yi digiri na biyu ko na uku, yana biyan kuɗin halartar taron masana, yana ba da ƙaramin tallafin bincike ta hannun makaranta, akwai kuma babban tallafi na ƙasa da ake gasa a kansa. Albashi kuwa ba ya ciki.

Wannan ya ƙara yawan masu digirin digirgir ƙwarai, ba a musu. Sai dai takardar digiri ba ta wadatar. Malamin da ke koyar da ɗalibai ɗaruruwa, ya duba takardunsu shi kaɗai, ga ɗakin gwaji babu wuta, yaushe zai zauna ya yi nazari mai zurfi? A 2022 yajin aiki ya cinye wata takwas, gwaje-gwaje da dama suka tsaya cak.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarin girma. Ba TETFund ke tsara shi ba, kowace jami'a da ƙa'idarta, kuma galibi yawan maƙalu ake ƙirgawa. Shi ya sa wasu ke rugawa mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ko me aka kawo musu, ba tantancewa. Sai yawa ya ƙaru, inganci ya ja baya.

Ga kuma waɗanda aka tura ƙasashen waje suka ƙi dawowa. Wannan, haɗe da faɗuwar darajar naira, ya sa asusun ya dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025.