Waiwaye: Yadda Aka Gano Garkuwar Jiki Tana Shaida Maiƙon Ƙwayoyin Cuta

Tarin fuka da kuturta, cututtukan da mutanen Katsina suka daɗe da sani har aka ware asibitin Babbar Ruga domin jinyar kutare, suna da siffa guda: ƙwayoyin da ke haddasa su suna lulluɓe da fata mai kauri wadda galibinta maiƙo ne. Wannan maiƙon ne ya tilasta wa masana sauya wata fahimta da suka riƙe tsawon shekaru.

A 1974, a Ostareliya, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka nuna cewa ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki da ke farautar ƙwayar halittar da ta kamu, ba sa ganin cuta sai an ɗora musu alamarta a kan wasu sinadarai da ake kira MHC, kamar yadda mai talla ke ɗora kaya a faifai domin mai saye ya gani. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1996. Da yake MHC guntayen furotin yake ɗauka, sai aka ɗauka cewa furotin kaɗai ƙwayoyin T suke shaidawa, aka bar maiƙo a matsayin kayan gini kawai.

A 1979 Andrew McMichael da César Milstein da abokan aikinsu a Ingila suka gano wani sinadari a jikin ƙwayoyin T masu tasowa, wanda daga baya aka raɗa wa suna CD1. A 1986 aka tabbatar cewa yana kama da MHC amma mazauninsu daban, domin a jikin ɗan Adam umarnin gina shi yana kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado) na 1, na MHC kuwa yana kan na 6. An san shi, ba a san aikinsa ba.

Amsa ta fito ne daga Boston a Amurka, inda Steven Porcelli da Michael Brenner suka nuna cewa akwai ƙwayoyin T da ke amsa kiran CD1. A 1994 rukuninsu ya tace ƙwayar tarin fuka yana neman abin da CD1b, ɗaya daga nau'o'in CD1, ke nunawa, sai ya tarar da maikolik asid, dogon maiƙo daga fatar ƙwayar. Hoton CD1 da aka samu a 1997 ya bayyana dabarar: CD1 yana da rami mai zurfi wanda ba ya karɓar ruwa, jelar maiƙon tana shigewa ciki ta ɓuya, kansa kuma ya tsaya a waje inda ƙwayar T za ta taɓa shi. A shekarar ce masana a Japan suka nuna cewa wani maiƙo mai haɗe da sukari, wanda aka fara samu a jikin soson teku, yana tayar da wani rukuni na ƙwayoyin T da ake kira NKT ta hanyar CD1d, wani nau'in CD1.

A ganina babban abin da ya jinkirta fannin shi ne ɓera. Ɗan Adam yana da CD1 iri biyar, daga CD1a zuwa CD1e, ɓeran ɗakin gwaji kuwa CD1d kaɗai gare shi, saboda haka dabbar da aka fi dogara da ita ba ta da sinadarin da ke nuna maiƙon tarin fuka.

Masu neman rigakafi sun sa ido a nan ne saboda MHC ya bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum, alhali CD1 kusan iri ɗaya ne a jikin kowa, Bakatsine ne ko Bajapane. Sai dai har yanzu allurar BCG, wadda aka fara amfani da ita a 1921 kuma ake yi wa jarirai a asibitocin Katsina da Daura, ita kaɗai ce rigakafin tarin fuka da aka amince da shi, tana kare yara daga munanan nau'o'in cutar amma kariyarta ga huhun manya ba ta da tabbas.