Edita

Edita, jam'insa editoci, shi ne mutumin da aka ɗora wa alhakin duba rubutu, ko sauti, ko hoto mai motsi, ya zaɓi abin da za a ɗauka, ya gyara shi, sannan ya ba da izinin a fitar da shi ga jama'a. Kalmar ta shigo Hausa daga Turanci ta hanyar aikin jarida a zamanin mulkin mallaka, kuma a yau ana kiran namiji da mace da ita a gidajen jaridu da na rediyo da talabijin, da kamfanonin ɗab'i, da masana'antar fina-finai. Mutane da yawa suna ɗauka cewa aikin edita bai wuce gyaran kurakuran rubutu ba, alhali kuwa ginshiƙin aikin shi ne yanke hukunci a kan abin da zai fita, da kuma amsa tambaya a kansa bayan ya fita.

Asalin kalmar

Tushenta yana cikin harshen Latin, daga aikatau edere, wato fitar da abu waje. A tsohuwar daular Rum, ana kiran attajiri ko mai mulkin da ya ɗauki nauyin shirya wa jama'a wasanni a dandali da sunan editor. Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 17 da ma'anar mai buga littafi ya fitar, daga baya ta koma kan mai shirya rubutun wani domin ɗab'i, sai a farkon ƙarni na 19 ta zauna a kan mai jagorantar jarida. Faransanci kuwa ya riƙe tsohuwar ma'anar, domin a cikinsa éditeur yana nufin mai kamfanin buga littattafai, shugaban ɗakin labarai kuma shi ne rédacteur en chef. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masu fassara a Jamhuriyar Nijar, inda kamannin éditeur da edita kan sa a ba mutum muƙamin da ba nasa ba. Larabawa suna cewa muharrir, babban edita kuma ra'isut tahrir.

A aikin jarida

Nan ne kalmar ta fi ƙarfi, kuma nan ne Bahaushe ya fara saninta. A babban gidan jarida akwai babban edita, wanda yake tsara manufa, da mataimakansa, da editan labarai mai tura wakilai wuraren da abu ya faru, da editocin sassa irin su siyasa da kasuwanci da wasanni. Ƙarƙashinsu akwai ƙananan editoci masu rage tsawon labari, su daidaita harshensa, su ɗora masa kanu. Shafin ra'ayin jarida, wanda yawanci ba ya ɗauke da sunan marubuci, muryar gidan ce baki ɗaya, kuma edita ne yake tsaya masa. Haka nan shafin wasiƙu zuwa ga edita, wanda ya daɗe yana zama kafar da talaka yake kai kukansa ga hukuma.

Tarihin muƙamin a ƙasar Hausa yana haɗe da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, mai samar da littattafan Hausa. Aikin da ke gaban Imam ya zarce tattara labarai, domin a lokacin babu zaunannen salon rubuta labarin yaƙi ko na kasafin kuɗi da Hausar boko, dole sai an lalubo kalmomi an kuma saba wa masu karatu da su. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe, abin da ke nuna girman kujerar a idon hukuma tun a wancan lokaci. Jaridun da suka biyo baya, irin su Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph a Kano, da Aminiya ta kamfanin Media Trust, duk sun gaji wannan tsari.

Kujerar tana da haɗari, domin idan aka buga ƙazafi, doka ba ta tsayawa a kan wakilin da ya rubuto labarin, har editan da ya amince da shi takan haɗa. A ƙarƙashin doka ta 4 ta mulkin soja ta 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda, kuma a ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, da bam da aka aika masa cikin ambulan a gidansa da ke Legas. Editocin Nijeriya suna da ƙungiyarsu da aka kafa a 1961.

A harkar littattafai

Editan littafi yakan yi aiki da marubuci tun rubutun yana ɗanye, ya nuna masa inda hujja ta yi rauni ko babi ya yi tsawo, kafin a kai ga gyaran nahawu da ƙa'idojin rubutu. A Hausa wannan mataki na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, saboda barin lanƙwasar harafi guda yakan mayar da ƙafa ta zama kafa, ko ɓari ya zama bari, ga kuma matsalar raba kalmomi da haɗe su, wadda take damun har waɗanda suka yi nisa a karatu. Yawancin littattafan adabin kasuwar Kano, da rubuce-rubucen da ake yaɗawa a intanet yanzu, marubutansu ne suke fitar da su ba tare da wani ya duba ba, kuma abin takaici ne ganin labari mai kyau ya rasa masu karatu saboda rashin wannan ido na biyu.

Akwai kuma edita na ilimi, wanda malaman Arabiyya suke kira muhaƙƙiƙi. Shi yakan tara kwafe-kwafen tsohon littafi da aka rubuta da hannu, ya gwama su, ya bayyana inda masu kwafa suka saɓa, ya fitar da matanin da ya fi kusa da na mawallafin. Da irin wannan tahƙiƙi ne littattafan malaman jihadin Sakkwato da dama suka kai ga maɗaba'a. Wanda ya tattara maƙalun marubuta daban-daban cikin kundi guda shi ma edita ne.

A fim da kwamfuta

A masana'antar fim, edita ne yake karɓar hotunan da aka ɗauko, ya yanka, ya jera su, ya daidaita su da sauti, sau da yawa da manhaja irin Adobe Premiere Pro. Wasu suna kiransa mai tace hoto, amma a nan akwai ruɗani, domin tacewa ita ce kuma sunan aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Ayyukan biyu sun sha bamban: edita yana cikin masu ƙirƙirar fim ɗin, hukuma kuwa daga waje take dubawa ta halatta ko ta hana.

A fannin kwamfuta, kalmar ta sauka daga kan mutum ta koma kan kayan aiki, inda ake kiran manhajar rubuta matani da gyara shi edita, kamar Notepad, da vi da Emacs waɗanda aka fara a 1976 kuma masu rubuta manhaja suke amfani da su har yau. A kundin Wikipedia kuwa, har da sashensa na Hausa, duk wanda ya ƙara bayani ko ya gyara shafi ana kiransa edita, ba tare da wani ya naɗa shi ba, sai dai ana adana kowane gyara a tarihin shafin domin sauran editoci su duba, su amince da shi ko su soke shi.