Bin sawun mutanen da suka ɓuya

Bin sawu sana'a ce ta nemo inda mutum yake bayan ya tashi daga inda aka san shi bai bar adireshi ba, ko da gangan ya cika wandonsa da iska ko kuwa ƙaura kawai ya yi bai gaya wa kowa ba. A Turance skip tracing ake ce mata, kuma a Amurka ta fi ƙarfi. Masu yin ta sun haɗa da kamfanonin karɓo bashi, masu kai sammacin kotu, masu tsaya wa mutane beli, da lauyoyin da ke cigiyar shaida ko magada.

Tarihi

Ana yawan danganta farkon bincike mai zaman kansa da Vidocq, wanda ya buɗe ofis a Paris a 1833 yana taimakon 'yan kasuwa su gano mazambata da masu cin bashi. Wajen 1850 kuma Allan Pinkerton ya kafa nasa kamfanin a Chicago.

Kafin kwamfuta, aikin duk na takarda ne da waya da haƙuri. Akwai littattafan da ke jera mutanen gari titi-titi, gida-gida, to mai bin sawu sai ya duba tsohon adireshin, ya ɗauko lambar maƙwabci, ya buga ya ce wai shi tsohon abokin makaranta ne ko kuma yana da saƙon da zai kai, in an yi sa'a maƙwabcin ya saki baki ya faɗi garin da aka koma. Gwanintar dai a nan take, domin mutum na iya canza gida da lamba amma da wuya ya yanke da mahaifiyarsa, ko ya bar sana'ar da ya iya.

Yadda ake yi yanzu

Rumbunan bayanai ne gaba, irin su Accurint da TLOxp, suna haɗa tsofaffin adireshi, rajistar mota, takardun kotu da sunayen dangi. Sai Facebook da makamantansa, inda hoto ɗaya da ƙanwar wanda ake nema ta saka, ga allon shago a baya, ya isa ya tona shi.

Doka

Dokar karɓar bashi ta Amurka ta 1977 ta yarda a tambayi wani inda wanda ake bi bashi yake, amma ba a gaya masa cewa ana bin mutumin bashi ba, kuma galibi sau ɗaya kawai za a tuntuɓe shi. A 1989 aka kashe 'yar fim Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles, wanda ya kashe ta kuwa ya biya wani mai bincike aka samo masa adireshinta daga ofishin lasisin tuƙi na California, abin takaici ne ƙwarai, kuma yana cikin dalilan dokar 1994 da ta taƙaita fitar da bayanan direbobi. A 1999 aka haramta yin ƙarya don samun bayanan bankin wani, a 2006 majalisa ta zartar da irin haka kan bayanan kiran waya. A Turai dokar GDPR, ta kare bayanan mutane, ta fara aiki a 2018.

Muhawara

Masu sana'ar na cewa suna maida haƙƙi ga masu shi kuma suna haɗa dangin da suka rabu. Masu suka na cewa hanyar ɗaya ce ake bi a gano matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta.