Tantanin ƙwayar halitta: tambayoyin 'yan WASSCE

Yaranmu na Aboabo da Asawase masu shirin WASSCE sun dame ni da tambaya kan tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, to ga amsa.

Malam, wai da me aka yi shi?

Galibinsa kitse ne da ake ce wa fosfolifid, jeri biyu. Kowane fosfolifid yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa, sai kawunan su fuskanci ruwan ciki da na waje, jelolin su ɓuya a tsakiya. Kaurin tantanin bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Furotin na nan birjik a ciki kuma da yawansu ba a tsaye suke ba, yawo suke kamar manja a saman miya. Singer da Nicolson suka kawo wannan bayani a 1972, ku riƙe sunayen.

Komai na iya shiga kenan?

Ina! Oksijin da kabon dayoksaid suna ratsawa abinsu, amma gishiri da suga sai ta ƙofar furotin. Wata ƙofar ma famfo ce, tana ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar, ta fitar da sodiyam 3 ta shigo da fotasiyam 2, ba dare ba rana.

Ni fa osmosis ne bai shiga kaina ba.

Je kasuwar Kejetia ka kalli koobi, busasshen kifin nan mai gishiri. An labta wa kifin gishiri, ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa ya ratsa tantani ya bi inda gishirin ya fi yawa (osmosis kenan), kifin ya bushe ƙayau, ƙwayoyin cutar da za su ruɓar da shi su ma ruwansu ya tsiyaye. Wanda ya haddace ma'anar bai gane wannan ba, wallahi bai iya ba tukuna.

To me ya sa ake sa suga a ORS, ba gishiri kaɗai ba?

Tambaya ta yi. A tantanin ƙwayoyin hanji akwai furotin da ba ya ɗaukar sodiyam sai tare da gulukos, in suka shige ruwa ya bi bayansu, shi ya sa yaro mai zawo ke farfaɗowa. Amma a bi ma'aunin da ke jikin ledar, in suga ya yi yawa sai ya jawo ruwa cikin hanji, zawon ya ƙaru.